LAIFIN WA? JANYEWAR SOJOJINMU DAGA CHADI A 1979 DA 1982

Ga cikakken jawabin da ɗaya daga cikin masu tace labaran wannan shafi ya yi a gaban taron 'yan ƙasar Katagum mazauna Ikko. Mun buga shi ne domin 'yan'uwa na Badun da Abekuta da Anaca da Fatakwal waɗanda ba su sami halarta ba.



An umurce ni da in yi magana a kan wani al'amari wanda ya faru tun ba a haifi da yawa daga cikinmu ba, amma dattawan da ke zaune a nan gaba sun ji shi a rediyo da kunnensu. Watau yadda Nijeriya ta aika da sojojinta ƙasar Chadi har sau biyu don su raba faɗa, kuma sau biyun suka komo gida ba tare da wutar ta mutu ba. Tambayar da aka ɗora mini ita ce, laifin wa?

Wani zai ce ina ruwan mutumin Azare ko Shira ko Gamawa da rikicin Njamena? To, babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Jama'are da Azare da Potiskum da Damaturu ta faɗa Maiduguri, ita ce hanyar Chadi. Shanun da wasunku ke saukewa a kara, da bandar da ake kasawa a kasuwannin nan, da kanwar da ake aunawa, da yawansu daga wajen tabkin Chadi suke fitowa. Tun kafin zuwan Turawa ma gabas ce ke hana kakanninmu barci. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, ya kai yaƙi har cikin Birnin Gazargamu, amma bai iya riƙe birnin ba, ya komo gida. Ashe mutanen ƙasarmu sun daɗe da sanin cewa shiga gari da yaƙi ya fi riƙe shi sauƙi.

ASALIN RIKICIN

Chadi ta sami mulkin kai daga Faransa ran 11 ga watan Agusta, 1960, a ƙarƙashin Shugaba Tombalbaye, mutumin kudancin ƙasar. A 1965 talakawan Mangalme suka yi bore saboda nauyin haraji. A 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Nyala na Sudan. A watan Afrilu na 1975 soja suka kashe Tombalbaye, Janar Felix Malum ya hau. A 1978 Malum ya jawo ɗaya daga cikin madugan tawaye, watau Hissene Habre, ya naɗa shi Firayim Minista. Ba a yi nisa ba suka ɓata, kuma a watan Fabrairu na 1979 dakarunsu suka gwabza a tsakiyar Njamena. Ke nan kafin sojan Nijeriya ko ɗaya ya sa ƙafa a ƙasar, an shafe shekara goma sha huɗu ana zub da jini.

SHIGA TA FARKO

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ga gobara a gidan maƙwabci, ta kira taro a Kano a watan Maris na 1979, Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya shugabance shi. Ɓangarori huɗu suka sa hannu: na Malum, da na Habre, da na Gukuni Weddei, da wata ƙaramar ƙungiya ta yankin tabki mai suna MPLT, wadda kowa ke ɗauka 'yar ɗakin Nijeriya ce. Aka shirya a tsagaita wuta, a fitar da mayaƙa daga babban birni, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, Nijeriya kuma ta ba da sojan da za su tsaya a tsakani. Malum ya sauka daga mulki ya zo Nijeriya gudun hijira. Aka tura sojanmu kimanin 800 a ƙarƙashin Kanar Muhammadu Magoro.

Tun daga nan aikin ya soma tangarɗa. Mayaƙan Habre da na Gukuni ba su bar birnin ba, ga shi kuwa sun fi sojanmu yawa nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari sojojin Faransa na nan zaune a Njamena da nasu nufin. A watan Afrilu aka sake taro a Kano don a shigo da sauran ƙungiyoyin da aka bari a waje, Habre da Gukuni suka ƙi, taron ya watse baram-baram. Da suka koma gida sai suka kafa tasu gwamnati, suka ɗora Lol Muhammad Shuwa na MPLT a kai. Nijeriya ta ƙi amincewa da ita, ta kira wani taro a Ikko a watan Mayu, su kuma suka ƙi zuwa. Dangantaka ta yi tsami, har Nijeriya ta toshe wa Chadi hanyar man fetur, masu riƙe da Njamena kuma suka ce sojanmu sun zama sojan mamaya, su fice. A watan Yuni na 1979 suka fice, wata uku kacal da zuwansu.

SHIGA TA BIYU

A watan Agusta na 1979 ɓangarori 11 suka sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya a Ikko. Gukuni ya zama shugaban ƙasa, Kanar Kamuge na kudu mataimakinsa, Habre Ministan Tsaro. Aka ce Kongo da Gini da Benin za su kawo sojan tsakani. Kongo kaɗai ta kawo, su ma da yaƙi ya sake ɓarkewa a watan Maris na 1980 sai aka kwashe su. Gukuni ya nemi agajin Kanar Gaddafi, tankokin Libiya suka kori Habre daga Njamena a watan Disamba na 1980. A watan Janairu na 1981 aka ba da sanarwar cewa Libiya da Chadi za su haɗe. Hankalin Ikko ya tashi ƙwarai, domin ma'anar wannan ita ce sojan Gaddafi sun zo bakin iyakar Barno.

A lokacin nan farar hula ke mulki, Alhaji Shehu Shagari ne Shugaban Ƙasa, Farfesa Ishaya Audu ne Ministan Harkokin Waje. A taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka da aka yi a Nairobi a watan Yuni na 1981 aka tsai da shawarar kafa rundunar Afirka. Aka yi ta matsa wa Gukuni lamba, har a ƙarshen Oktoba ya ce wa Libiya ta tafi. Gaddafi kuwa ya kwashe sojansa cikin 'yan kwanaki, tun rundunar ba ta kintsa ba. Habre, wanda ke fakon wannan rana daga iyakar Sudan, bai yi wata-wata ba ya kama Abeshe a watan Nuwamba.

Ƙasashe shida aka sa ran za su ba da soja, uku suka cika alkawari: Nijeriya da Senegal da Zayar. Benin da Togo da Gini ba su zo ba. Rundunar ta tsaya a mutum wajen 3,000, mafi yawansu namu, Manjo-Janar Geoffrey Ejiga ne kwamanda. Sai dai kowa da irin fassarar da ya yi wa aikinsu. Gukuni ya ɗauka an zo ne a maye gurbin Libiya a yaƙi Habre. Ƙungiyar kuwa ta ce sojanta 'yan ba-ruwanmu ne, ba za su yi harbi ba sai don kare kansu. A watan Janairu na 1982 Habre ya ci Faya. A watan Fabrairu kwamitin Ƙungiyar ya zauna a Nairobi ya ce a tsagaita wuta kafin ƙarshen watan, a zauna da Habre, a yi zaɓe, kuma ran 30 ga Yuni rundunar za ta tashi. Gukuni ya yi fatali da wannan. Habre ya kauce wa sansanonin rundunar, ya karya dakarun gwamnati a Masaget, ya shiga Njamena ran 7 ga Yuni, 1982. Gukuni ya haye kogin Shari ya faɗa Kamaru. Kafin watan ya ƙare sojanmu sun dawo gida.

RABON LAIFI

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk wanda ke da hannu a wannan al'amari yana da wanda zai nuna. Gukuni zai ce Afirka ta yaudare shi, ta sa ya sallami mai tsaronsa sa'an nan ta zura ido. Ƙungiyar za ta ce shi ya ƙi sulhu. Masoyan mulkin soja za su ce farar hula ne ba su da ƙashin baya, masoyan farar hula kuma su ce ai soja ne suka fara jan jiki suka dawo a 1979. In muka biye wa wannan, har gari ya waye ba za mu tashi da komai ba. A ganina hanyar adalci ita ce a duba rana uku: ranar da aka shiga, da ranar da aka tsai da aiki da guzuri, da ranar da aka fita. Mutane sun fi kallon ta ƙarshe domin ita ce ake gani a hoto, alhali kuwa tun ran gini ran zane.

Mu ɗauki 1979. Niyyar gwamnatin Obasanjo kyakkyawa ce, kuma babu wata ƙasar Afirka da ta yi ƙoƙarin da ta yi. Amma mai rabon faɗa ba ya zuwa da nasa ɗan dambe. Da yake ana ganin Nijeriya tana da ƙungiyar da take so, sai sauran suka daina kallonta a matsayin alƙali. Haka kuma an tura mutum 800 su fitar da dubban mayaƙa daga birni, ba tare da an tanadi abin da za a yi in sun ƙi fita ba. Kana ga gwamnatin da ta toshe wa mutane mai, alhali sojanta na zaune a cikinsu da sunan baƙin sulhu. Wannan kaso na gwamnatin soja ne, ba mai ɗauke mata shi.

Mu zo 1982. Kaso mafi girma na 'yan Chadi ne da kansu. Habre ya sa hannu a Kano, ya sa a Ikko, bai kuwa taɓa nufin ya raba mulki da kowa ba. Gukuni kuma ya so wasu su mutu don kujerarsa, ya ƙi zama da abokin gabansa a lokacin da yake da sauran abin ciniki a hannu.

Kaso na biyu na shugabannin Afirka ne. Sun aika da runduna ba su faɗa mata aikinta da baki ɗaya ba, ba su kuma tara mata kuɗi ba. Sai ran 30 ga Afrilu, 1982 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 504 na buɗe asusun gudummawar ganin dama, watau saura wata biyu wa'adi ya cika. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Babban kuskurensu kuwa shi ne sanar da ranar tashi tun a watan Fabrairu ba tare da an sami sulhu ba. Wanda ya san ranar da mai gadi zai bar ƙofa, me zai sa ya yi ciniki? Sai dai ya lissafa kwanaki.

Kaso na uku na manyan ƙasashe ne. Amurka a zamanin Shugaba Reagan ta taimaka wa rundunar Afirka da kayan aiki a fili, a ɓoye kuma hukumar leƙen asirinta tana ba Habre makamai da kuɗi don ta ƙuntata wa Gaddafi. Gaddafi shi ma da gangan ya yi fitar gaggawa, don a ga abin da zai biyo baya in ba shi.

Kaso na huɗu namu ne, kuma shi ya fi kamata mu tsaya a kai, domin shi kaɗai ne muke da ikon gyarawa. Gwamnatin Shagari ta gaji wannan rikici, ba ita ta haddasa shi ba, kuma burinta na farko, watau a raba Libiya da iyakarmu, ya cika a wannan lokaci. Wannan gaskiya ce, a faɗe ta. Amma ta ga abin da ya faru a 1979, ta ga yadda sojan Kongo suka ƙare a 1980, duk da haka ta karɓi jagorancin runduna wadda ba a daidaita aikinta ba, ba a kuma san mai biya ba. Nauyin ya faɗo a kan baitulmalinmu daidai lokacin da kasuwar man fetur ta faɗi, har a watan Afrilu na 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Wanda ya shiga da aljihun da ba zai kai shi ƙarshen tafiya ba, ya riga ya rubuta ranar komowarsa.

Sauran sojan da aka tura. Su ne aka fi yi wa gori, su ne kuwa mafi ƙarancin laifi. An ce musu kada su yi yaƙi, ba su yi ba. Ba a zargin ɗan aike da abin da ke cikin wasiƙa.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Kada a ɗauka wannan lissafi na masu hutu ne. Habre ya yi mulki har zuwa Disamba na 1990. Hukumar binciken da Chadi ta kafa ta ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 aka hallaka a zamaninsa. A 2016 wata kotun Afirka ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ya mutu a 2021. Mu ma ba mu tsira ba. A 1983, shekara ɗaya bayan janyewarmu, sojan Chadi suka hau wasu tsibiranmu a tabki, sai da rundunar Jos a ƙarƙashin Manjo-Janar Muhammadu Buhari ta fatattake su. Saɓanin da aka ba da labarin ya shiga tsakanin hafsoshi da fadar Shugaban Ƙasa kan inda za a tsaya da wannan kora yana cikin abubuwan da masana ke ambatawa in suna bayanin juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu, mu mazauna nesa da gida. In manya suka ƙi ɗaukar laifinsu, laifin ba ya ɓacewa, gangarowa yake yi har ya sami marar gata. A watan Janairu na 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka kai shi Chadi aka ajiye, wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta mai da masa haƙƙinsa. In aka yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai tura baro ko mai gadi wanda ba shi da takarda a aljihu?

IRIN WANNAN A WAJE

Ba mu kaɗai ne wannan cuta ta kama ba. Amurka ta yi shekara 20 tana yaƙi a Afganistan. Ran 29 ga Fabrairu, 2020 gwamnatin Trump ta ƙulla yarjejeniya da Taliban a Doha, ba da gwamnatin Kabul a teburin ba, aka sa ranar fita. A watan Afrilu na 2021 Shugaba Biden ya ɗaga ranar kaɗan amma ya tabbatar da tafiya. Kabul ta faɗi ran 15 ga Agusta, kuma ran 26 ga watan bom ya kashe sojan Amurka 13 da 'yan Afganistan wajen 170 a ƙofar filin jirgin sama. A 2023 fadar Biden ta fitar da bayani ta ɗora mafi yawan laifin a kan Trump. A 2024 'yan jam'iyyar Trump a kwamitin harkokin waje na Majalisar Wakilai suka fitar da nasu suka ɗora wa Biden. Binciken da Ma'aikatar Harkokin Wajensu ta yi da kanta ne ya ce gwamnatocin biyu duka ba su yi tanadin mummunar rana ba. Ku duba ku gani, wa'adin Doha da wa'adin Nairobi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Bambancin kawai shi ne su sun zauna sun yi bincike a bainar jama'a, an kira janar-janar an yi musu tambayoyi, ko da an cuɗa abin da siyasa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, yankin tabkin Chadi bai huce ba. Mutanen Azare ba su manta da bama-baman 2014 a tashar mota da kasuwa ba. A watan Janairu na 2020 Chadi ta kwashe sojanta 1,200 daga Barno, nan da nan mutanen wasu garuruwa suka ɗaure kaya suka nufi Maiduguri. A 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin. Ke nan maganar shiga da fita ba ta zama tarihi ba tukuna.

Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 5, ya hana a tura sojanmu fagen fama a wata ƙasa sai da yardar Majalisar Dattawa. Mun ga amfanin wannan a watan Agusta na 2023, sa'ad da aka yi ta maganar kai yaƙi Nijar, Majalisar ta ce a bi hanyar sulhu. Saboda haka sanatan da kuka zaɓa, ko a Bauci ta Arewa ko a nan inda kuke zaune, yana da hannu a duk abin da za a yi da 'ya'yanmu masu kaki. In ya zo neman ƙuri'a, ko kuka ji ana shirin tura soja wani wuri, ku yi masa tambaya huɗu. Mene ne aikin da aka tura su yi, a faɗa mana da kalmomin da kowa zai gane? Wa zai biya, har zuwa yaushe? In ɓangarorin suka ƙi sulhu, me za a yi? In an tashi fita, wa za a bar wa mutanen da suka dogara da mu? Wanda ya kasa amsa waɗannan tun kafin a tafi, ba shi da bakin nuna wani da yatsa ranar da aka dawo.

Kuma in an zo rabon laifi, kada ku yarda a auna da mudun jam'iyya. Soja da farar hula duka sun gwada Chadi, duka sun dawo da nasu kason. Ku yi wa naku hisabi da ma'aunin da kuke yi wa na wani, domin shugaban da ya san magoya bayansa za su wanke shi ko me ya yi, ba zai yi tanadin komai ba.

Ya Shugaban taro, a nan zan dakata.  Allah Ya jiƙan sojojinmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya mai da kowa gida cikin rufin asiri.